Yadda wata mai shago a Essen ta rage wa jikokin Gizo ƙarfi

'Yan uwa, akwai wani irin shago a nan Jamus da ban taɓa ganin irinsa a gida ba. Gabansa kayan sayarwa ne, bayansa tebura da kujeru, ka shiga da abokanka ku yini kuna wasa, ba mai cewa ku tashi don ba ku sayi komai ba. A Essen nake zaune, garin da ake baje kolin wasannin tebur na SPIEL tun 1983.

Wasan da ya ja ni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ya yi magana da bakinsa, in ana kokwanton abu zai yiwu sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20. Kafin wani ya tambaya, ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa. Jarumin kuwa sai ka zaɓa masa jinsi: ɗan Adam, ko wada, ko elf (wani mai kama da aljani a tatsuniyar Turawa), ko orc (ƙato mai kama da dodo), kowanne da baiwarsa a rubuce.

Duk littafin dokokin wasan babu namu, sai na zauna na ƙago jinsin jikokin Gizo. Na ba su hawan bango da gani cikin duhu da saƙar da ke ɗaure abokin gaba, na ƙara musu maki a wayo da zafin nama da iya baki. Na nuna wa matar da ke tsaron shagon. Baiwar Allah nan ta kira abokin aikinta ya riƙe mata teburin ciniki, ta ja kujera, ta ciro fensir daga bayan kunne. Ta karanta takardar tsaf, sannan ta ce: "In mutum biyar suka zauna aka miƙa musu wannan, wa zai yarda ya ɗauki wada?"

Daga nan karatu ya tashi. Ta ce abin da ake awo shi ne kowa a tebur ya samu lokacin da za a waiwayo shi. Masu wasan sun daɗe suna fama da wannan. A shekarun 1970 kayyade wa elf da wada matakin ƙarfin da ba za su wuce ba aka yi, don kada a guje wa ɗan Adam. Akwai kuma jinsin tsuntsaye da ke tashi sama tun matakin farko, masu jan labari da yawa hana shi suke yi, domin rami da katanga da kogi duk sun tashi a banza. Ta soke gani cikin duhu, ta mayar da saƙar sau ɗaya kafin a huta, ta bar mini hawan bango.

Na ce to a biya da kwaɗayin Gizo da tsamin bakinsa, a rage wa jinsin maki. Nan ta girgiza kai. Ta ce a 2016 an rubuta wa orc ragin maki biyu a basira, 'yan wasa suka yi ca cewa ba a yi wa al'umma guda kuɗin goro da daƙiƙanci. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya janye ragin a 2020, a bugun 2024 kuma ƙarin makin ya bar jinsi ya koma kan yadda jarumi ya taso da sana'arsa. Sai muka mai da kwaɗayin zaɓi: in ɗan wasa ya bar jaruminsa ya faɗa tarko saboda ƙwaryar zuma, mai jan labari ya saka masa da ƙarin jifan ɗan ludo. Duk wannan hidima, ruwan kwalba kaɗai na saya.

Ba wai komai daɗi ba ne. Babban littafin kusan dala 50 ne, kuma uku ake buƙata in kai ne mai jan labari. Ranar Lahadi da nake da hutu shaguna a rufe suke. Teburin ma a ranakun cunkoso sai ka kama tun da wuri, abokai kuwa sai an duba kalanda kafin a haɗu, babu sallama a zaure kawai a shigo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ta tambaye ni ko Gizo shi ne Anansi, gizo-gizon tatsuniyar Ashantawan Ghana. Na Ashantawa ya zagaye duniya, namu ko sunansa ba su ji ba. Laifin wa? Muna da Ƙoƙi da Dodo da Botorami da kura mai rabon wahala, mun bar su a bakin kakanni, kakannin kuma suna ta tafiya. Yaro ya zauna yana zana dodanni, sai a ce ya rasa aikin yi. Mai kanti kuwa, ka ɗaga kaya ka juya sau biyu ya fara haɗe rai. Ina kewar hirar dare a tsakar gida ƙwarai, amma wallahi mun yi sakaci.

Yanzu Dodo nake son shigarwa, kuma ya fi wuya, don ƙato ne mai ƙarfin mutum goma. Duk wanda ya riƙe tatsuniyar da aka ci Dodo da dabara, ko aka faɗi abin da yake tsoro, don Allah ya rubuto mini ita yadda ya ji ta, da sunan garin da ake faɗarta.