Sharhi kan wani gidan renon furanni a bakin Gulbin Maraɗi

Wata biyar ke nan da na sayi tsirrai shida a wani gidan renon furanni da ke kusa da Gulbin Maraɗi, kuma na jinkirta wannan sharhi da gangan, domin ba a sanin ƙarkon shuka sai ta sha hunturu ta kuma ɗanɗana zafin bazara.

Wurin wata doguwar rumfa ce da aka lulluɓe da koriyar raga, wadda take rage kaifin rana tana kuma riƙe laima, har mutum ya ji sanyi a fatarsa da zarar ya sa ƙafa. Na isa bayan la'asar, ƙamshin yasmin da na furen lalle suka tarbe ni tun daga ƙofa, amma idona ya tafi kan bugenbiliya mai jan launi. Dattijon da ke kula da wurin ya ce mini: "Hajiya, wannan ta ido ce kawai, hanci ba shi da rabo a cikinta." Ya nuna mini cewa jan da nake yabo ganye ne, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Ya kuma kai ni gaban firanjifani, wanda asalinsa daga yankin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka yake, ya ce in jira dare in ji ƙarfin ƙamshinsa. Wannan gaskiya da ya faɗa mini, alhali bugenbiliyar ta fi tsada, ita ce ta sa na amince da shi.

Na ɗauki hotuna da waya na aika wa ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Faransa, sai ta ce abokan karatunta sun ƙi yarda cewa Maraɗi ce. Abin ya sosa mini rai, ko da yake na san dalili. Maraɗin da suka sani ita ce ta hotunan 2005, bayan fari da farar dango na 2004, lokacin da masu ɗaukar hoton jaridu suka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Hotunan ba ƙarya ba ne, ina garin nan, na ga uwaye a layi da idona. Sai dai mai hoto yana zaɓar abin da zai sa a gaban kyamara, kuma da yawa sun ɗauki yaro ƙashi da fata suka bar buhunan hatsi da ke jibge a kasuwa, waɗanda tsada ta hana talaka saya. Wanda ya ga hoton sai ya ɗauka babu abinci a ƙasar sam, alhali babban ciwon rashin kuɗin saye ne. Har yau da wuya in ga labarinmu a kafafen waje ɗauke da hoton gonakin zogale na Jiratawa ko masunta a tafkin Madarunfa.

Game da tsirran kuwa, huɗu sun kama, biyu sun mutu, kuma ina ganin laifin gidan ne, domin saiwarsu ta daɗe a leda har ta nannaɗe, ba a kuma gargaɗe ni cewa shukar da ta saba da inuwar raga sai an saba mata da rana a hankali ba. Duk wanda zai saya ya duba ƙasan ledar tukuna. Yasmin ɗin, wanda na saya jika ɗaya da rabi, yanzu ya hau katangar tsakar gida, kuma bayan sallar isha'i nan muke shimfiɗa tabarma.