Sharhi kan faɗaɗa hanyoyin iska a tof silinda na Cummins 5.9

Mafi yawan masu kai tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke saman silindojin injin mota, a gurza musu hanyoyin iska so suke su leƙa su ga rami yana ƙyalli kamar madubi. Aikin da na gwada a kan injin dizal na Cummins 5.9 mai bawul 12 ba shi da wannan ƙyallin a ɓangaren shigar iska, kuma ban ɗauki hakan aibi ba. A injin dizal, man ba ya bin wannan hanya, nozul ne ke fesa shi kai tsaye cikin silinda, don haka santsin bango abu kaɗan yake ƙarawa. Siffar ramin ita ce magana.

Inda aikin ya biya kuɗinsa shi ne ƙasan bawul, wato kwarin da ke bayan mazauninsa. A nan masana'anta ke barin tudu da kaifi, wurin da yankan inji ya haɗu da ɗanyen zubin ƙarfe. An share wannan gaɓa, an rage kumburin da ke kewaye da bututun sandar bawul, sannan aka sassauta lanƙwasar ƙasa inda iska ke karya kwana. Wannan lanƙwasa ita ce ke tona asirin wanda bai iya ba: in an kwantar da ita da yawa, iska ta daina bin bango, ta tsallake ta taru a gefe ɗaya na bawul, rami ya yi girma amma abin da ke shiga ya ragu. Maƙogwaron ramin, wato inda ya matse a bayan mazaunin bawul, an bar shi tsakanin kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na faɗin bawul, aka yanka mazaunin da kusurwa uku. A wannan injin mazaunin bawul ɗin shiga digiri 30 ne, na fita 45.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da aka ƙi taɓawa. Fuskar tof ɗin dizal a shafe take, ɗakin ƙonewa yana cikin kwarmin kan fistin. Injin mai bawul biyu a kowace silinda ya dogara ne da iskar da ke shiga tana juyawa kamar guguwa don ta gauraya da man da aka fesa, kuma siffar hanyar shiga ce ke haifar da juyawar. Duk wanda ya miƙar da hanyar don na'urar awo ta nuna adadi babba, zai samu baƙin hayaƙi da sanyin jiki in injin yana juyawa a hankali. Saboda haka kada ka karɓi takardar awo mai nuna yawan iska kaɗai. Ka nemi awon juyawar ma, kafin aiki da bayansa, silinda shida duka, a matsin inci 28 na ruwa da aka saba auna tof da shi, kuma a buɗewar bawul daban-daban, ba a ƙarshenta kawai ba.

Wannan tof yana da wani cikas nasa: akwatin rarraba iska an zuba shi ne haɗe da tof ɗin, bakin giranda ba ya kaiwa ciki sosai daga waje. Ko dai a tsaya a abin da hannu ya kai ta ɓangaren bawul, ko a yanke akwatin gaba ɗaya da inji a ɗaura manifol, wato bututun rarraba iska, na daban. Na biyun na masu tsere ne. Motar da ke jan kaya ba ta buƙatarsa.

A kan hanya, bambancin bai fito a tashin farko ba. Sai injin ya hau juyi, da kaya a baya, zafin hayaƙi ya riƙa jinkirin kaiwa kusan digiri 675 na Salshiyas, iyakar da masu wannan injin suka saba kiyayewa in an auna kafin turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta tura iska cikin injin. Allurar matsin turbo kuma ta ɗan sauka. Wasu kan tsorata da haka, alhali matsin nan awo ne na turjiyar da iska ke gamuwa da ita. Hanya ta buɗe, turjiya ta ragu.

Aibin aikin biyu ne. Na farko haɗari: bayan bangon ramin akwai hanyar ruwa, kaurinsa kuma ba ɗaya ba ne daga tof zuwa tof, domin zubi yakan goce. In ba a auna kaurin da na'urar sauti ba, ana iya barin bango siriri wanda zai tsage bayan ya sha zafi, ruwa ya fara ɓacewa daga lagireto ba a san ta ina ba. Dole a gwada tof da matsi bayan an gama, a duba tsagewa tsakanin mazaunin bawul da ramin nozul tun kafin a fara, a kuma wanke ƙurar ƙarfen tas, don in ta shiga silinda zoben fistin take ci. A tabbatar nutsewar bawul, wato zurfin da ya shige ciki daga fuskar tof, tana tsakanin milimita 0.99 da 1.52, musamman in an share fuskar tof ɗin, kada bawul ya gaisa da fistin.

Na biyu kuwa, injin da turbo da famfon mansa suke yadda suka fito daga masana'anta ba zai nuna wani abin kirki ba, domin ba tof ne ke shaƙe shi ba tukuna. A irin wannan injin, sabon yankan mazaunin bawul da share ƙasansa sun isa. Cikakken aikin sai an girmama turbo da nozul, an sa sifirin bawul masu ƙarfi, an kuma ɗaure tof da kusoshin da za su riƙe gasket in matsi ya ƙaru.