Gidan Abincin Indonesiya a Hague da Gidan Gashin Bosniya a Rotterdam: Abin da Farashinsu Ke Nunawa

Gidajen abinci biyu nake son yin bayani a kansu, dukansu a ƙasar Holan, kuma tafiyar da ke tsakanin biranensu a jirgin ƙasa ba ta wuce rabin sa'a ba. Na farko gidan abincin 'yan asalin Indonesiya ne a tsakiyar birnin Hague, na biyu kuwa gidan gashin nama ne na wani iyali da ya fito daga Bosniya, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin tsohuwar Yugoslaviya, yana kudancin Rotterdam a tsallaken kogin Maas. Kuɗin da mutum zai kashe a na farko ya ninka na biyun har ya ɗan ɗara, kuma a ganina wannan rata ba ta iya girki ba ce. Ta samo asali ne daga yadda kowace al'umma ta shigo ƙasar, da takardun da ta shigo da su, da irin aikin da ta tarar yana jiranta.

Gidan na Hague sai an kama wuri tun da wuri, musamman a daren Juma'a da Asabar. Teburan lulluɓe suke da farin ƙyalle, an kafa zannuwan batik a bango tare da tsofaffin hotunan gonakin shayi na tsibirin Java, kuma mafi yawan masu cin abincin Turawa ne dattawa da ma'aikatan ofisoshi. Abin da gidan ke alfahari da shi shi ne rijsttafel, wato teburin shinkafa. Ma'aikacin da ya kula da mu ya fara jera wasu farantan ƙarfe masu ƙananan kyandirori a ƙarƙashinsu don kada abinci ya huce, sannan ya shiga sauke ƙananan kwanuka a kai har teburin ya cika, yana faɗin sunan kowanne, yana kuma jera su daga mai sauƙin yaji zuwa mai zafi. Akwai farar shinkafa da wadda aka dafa da kurkur da madarar kwakwa, akwai gado-gado, wato ganyaye da dafaffen ƙwai a cikin miyar gyaɗa, akwai tempe na waken suya da aka soya da zaƙi, akwai soyayyar kwakwa da ake barbaɗawa a kan shinkafa. Sate na kaza da miyar gyaɗarsa bai yi nisa da tsiren da muka sani ba, sai dai shi jiƙa shi ake yi da miya maimakon a barbaɗa masa ƙuli. Wanda ya fi burge ni shi ne rendang, naman sa da aka bar shi a wuta cikin madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone, naman ya yi baƙi-baƙi yana rabuwa da zarar cokali ya taɓa shi. Wannan kwano ɗaya ya isa ya nuna cewa akwai gwani a madafin gidan.

Sai dai akwai abin da ya rage mini armashi. Zaƙi ya yi yawa a kusan rabin kwanukan, an kuma kashe zafin barkono domin harshen baƙi, ta yadda sai da na nemi a ƙaro sambal, wato niƙaƙƙen barkonon Indonesiya, kafin na ji abincin ya tsaya da ƙafarsa. Biyu daga cikin miyoyin ganye sun nuna alamar an dafa su tun rana aka sake ɗumamawa. Mai kiyaye halal kuma dole ya buɗe baki ya yi tambaya, domin ko da yake Indonesiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, wannan girki ba na Musulmin Java ba ne kai tsaye. Na al'ummar da ake kira Indo ne, masu jinin Turai da na Indonesiya a haɗe, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, kuma duk kwanon da aka rubuta babi a sunansa naman alade ne. Ma'aikacin ya fahimci tambayata nan take, ya musanya mana kwanuka biyu ba tare da ɓata rai ba, amma ya faɗa mini gaskiya cewa naman gidan ba yankan Musulunci ba ne, don haka wanda ya tsananta sai ya tsaya a kan kifi da ƙwai da ganye.

Shi kansa teburin shinkafar ƙirƙirar zamanin mulkin mallaka ne, lokacin da manyan Turawan Holan a tsibiran Indonesiya suke son nuna wa baƙinsu yalwar ƙasar da suke mulka ta hanyar jera abincin yankuna da yawa a zama ɗaya. Indonesiya ta ayyana 'yancin kanta a ranar 17 ga Agusta 1945, Holan kuma ba ta miƙa mulki ba sai a Disamba 1949 bayan yaƙi mai tsanani. Daga 1945 zuwa tsakiyar shekarun 1960, mutane kusan 300,000 suka baro can zuwa Holan, kuma guguwa mai ƙarfi daga cikinsu ta taso ne bayan Shugaba Sukarno ya kori 'yan Holan a ƙarshen 1957. Ba a shimfiɗa musu darduma ba. An zuba iyalai a ɗakunan haya da gwamnati ta yi kwangila da masu su, aka kuma buƙaci su biya kuɗin masauki da na tufafin sanyi daga albashinsu, da yawansu sun koma aikin da bai kai matsayin da suke da shi a can ba, kuma albashin sojoji da ma'aikatan gwamnati na shekarun da Japan ta mamaye Indonesiya bai samu wani biyan diyya na ƙarshe ba sai a 2015, lokacin da kaɗan ne suka rage da rai. Amma duk da wannan ɗaci, sun sauka da abubuwa uku masu nauyi: takardar zama 'yan ƙasa, harshen Holanci da suka yi makaranta da shi, da kuma sa'ar zuwa a lokacin da tattalin arziki ke bunƙasa ana neman ma'aikata ido rufe. Auratayya da 'yan ƙasa ta yi yawa, jikokinsu sun bazu a kowace sana'a, kuma dubban sojojin Holan da suka dawo daga yaƙin sun dawo da kwaɗayin shinkafa da sambal. Tun 1959 aka fara babban bikin Pasar Malam na wannan al'umma a Hague, kuma yau duk babban kanti a ƙasar yana da kanta guda ta kayan girkin Indonesiya. Gidan abincin da ya gaji masu saye na tsawon shekara saba'in, waɗanda suke ɗaukar abincin a matsayin nasu, yana da ƙarfin halin sa farashi mai tsada.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci mutanen Maluku, wasu tsibirai a gabashin Indonesiya, domin hotunan bangon gidan ba su ba da labarinsu ba. A 1951 aka kawo kusan mutum 12,500, sojojin rundunar mulkin mallaka da iyalansu, aka sallame su daga aikin soja suna sauka, aka ajiye su a sansanoni, ciki har da Westerbork da Vught waɗanda 'yan Nazi suka yi amfani da su a yaƙin duniya na biyu, bisa tunanin cewa zaman na ɗan lokaci ne. Shekaru suka shuɗe da yawansu ba su da takardar kowace ƙasa, takaicin matasansu ya kai ga garkuwa da jiragen ƙasa a 1975 da 1977, rashin aikin yi kuma ya yi musu katutu har gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da shugabanninsu a 1986 wadda ta ƙunshi samar da ayyuka dubu. Daga ƙasa ɗaya suka fito da 'yan Indo, amma rashin takarda da keɓewa a sansani sun mayar da su baya da tsara guda, kuma wannan ne ya fi tabbatar mini cewa ƙofar shigowa ita ce asalin bambancin.

Gidan na Rotterdam ba ya buƙatar kama wuri. Ƙamshin gawayi ne ke tarar mutum tun daga bakin titi, teburan ba su da ƙyalle, talabijin tana nuna ƙwallon ƙafa, kuma a gefe akwai kanta da aka jera kwalaben ajvar, wato niƙaƙƙen gasasshen tattasai, da buhunan gahawa da busasshen naman sa domin masu saye su tafi da su gida. Maigidan ne da kansa a bakin wuta, matarsa tana kan burek, wato gasasshen ƙullun fulawa mai siririn ɓawo da ake cusa wa nama, 'yarsu tana karɓar kuɗi. Ćevapi na nema, wato niƙaƙƙen naman sa da na rago da aka mulmula kamar tsawon yatsa aka gasa. Guda goma ake sakawa a cikin burodi mai faɗi da ake kira lepinja, wanda maigidan ya tsaga, ya ɗan jiƙa da romo, ya kifa a kan naman yana kan wuta domin ya sha tururi da maiƙo, sannan ya kawo da yankakkiyar ɗanyar albasa da cokali guda na kajmak, wani kirim mai kauri da ɗan gishiri. Babu tarin kayan ƙamshi, gishiri ne da tafarnuwa da hayaƙi, don haka babu inda mummunan nama zai ɓuya, kuma naman gidan mai kyau ne ƙwarai, waje ya gasu ciki yana da ruwa. Burek ɗin an naɗe shi kamar gammo a faranti mai faɗi, ɓawonsa siriri yana karyewa. An rufe da gahawa a ƙaramin tulun tagulla mai dogon mariƙi tare da sukari dunƙule. Iyalin Musulmi ne, naman halal ne, amma kada mai karatu ya ɗauka kowane gidan gashin Balkan haka yake, domin na Sabiyawa da Kuroshiyawa sukan haɗa da alade.

Nakasun gidan a fili yake. Jerin abincin gajere ne kuma kusan duk nama ne, wurin ƙarami ne hayaƙi yana kama tufafi, kuma idan jama'a suka yi yawa jira yakan yi tsawo saboda hannu ɗaya ne a kan wuta.

Tarihin wannan al'umma a Holan zubi biyu ne. Holan ta sa hannu a yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Yugoslaviya a 1970, bayan irinta da Italiya da Sifen da Turkiyya da Maroko, kuma maza da yawa, masu walda da maƙeran ƙarfe, sun shiga masana'antun ƙera jiragen ruwa na yankin Rotterdam, mata kuma suka shiga masana'antun sarrafa kifi da abinci da saƙa. Sun zo da kwantiragi, ba su iya harshen ba, kuma kowa ya ɗauka komawa za su yi. Bayan rikicin man fetur na 1973 aka daina ɗauka, sannan babban kamfanin jiragen ruwa na RSV ya durƙushe a 1983, aikin da ya kawo su ya tafi ya bar su. Zubi na biyu ya zo da yaƙe-yaƙen shekarun 1990, musamman na Bosniya daga 1992 zuwa 1995, sannan na Kosovo. Waɗannan 'yan gudun hijira ne, cikinsu akwai malamai da injiniyoyi da likitoci, amma sun fara da zaman cibiyoyin masu neman mafaka inda ba a barin mutum ya yi aiki yadda yake so, daga baya kuma suka tarar takardun karatunsu ba su da cikakkiyar daraja. Maigidan ya shaida mini cewa fasahar lantarki ya karanta a ƙasarsu, ya yi shekaru yana aikin ɗaukar kaya a rumbunan tashar jiragen ruwa kafin ya tara jarin buɗe wurin, kuma 'yar tasa a jami'a take, ƙarshen mako kawai take taya su. Akwai kuma nauyin da ke tsakanin Bosniyawa da ƙasar da ta karɓe su, domin sojojin Holan ne ke gadin garin Srebrenica na Bosniya a Yuli 1995 lokacin da aka kashe maza da samari Musulmi sama da 8,000, kuma a Hague kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan tsohuwar Yugoslaviya ta yi shari'ar laifukan yaƙin daga kafuwarta a 1993 zuwa 2017.

Wani abin lura shi ne hukumar ƙididdiga ta ƙasar, CBS, ta daɗe tana sanya al'ummomin biyu a rukuni ɗaya na masu asalin yammacin duniya, 'yan Yugoslaviya saboda suna Turai, 'yan Indonesiya kuma saboda matsayinsu na tattalin arziki da al'ada, har sai da ta yi watsi da wannan rabe-rabe a 2022. Rukunin ya haɗa jikan ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka da mai walda da ya rasa aiki da ɗan gudun hijirar da ya iso da jaka ɗaya. Yawansu ma ba ɗaya ba ne: masu asalin Indonesiya a lissafin hukumar sun haura 300,000, na tsohuwar Yugoslaviya kuwa ba su kai 100,000 ba a shekarun 2010, kuma su ɗin ma sun kasu gida-gida bayan yaƙi, kowane ɓangare da ƙungiyarsa da wurin ibadarsa da gidan cin abincinsa. Shi ya sa gidan Rotterdam ya dogara da 'yan uwansa da maƙwabtansa Turkawa da 'yan Maroko da ma'aikatan tasha, mutanen da ke lissafin kowane yuro, don haka ba shi da damar ɗaga farashi ko da girkinsa ya cancanta.

Idan maganar kwalliya ta biya kuɗin sabulu ce, gidan Bosniya ne a gaba, kuma shi zan fi komawa, musamman ga mai neman halal ba tare da dogon bincike ba. Gidan Hague ya dace da mai baƙo ko mai son ɗanɗana abinci iri-iri a zama ɗaya, kuma rendang ɗinsa kaɗai ya cancanci a je. Wanda aljihunsa bai kai teburin shinkafa ba yana iya shiga ɗaya daga cikin ƙananan shagunan Indonesiya da ake kira toko, ya nemi nasi rames, inda za a zuba masa shinkafa da nama da ganye da ƙwai a faranti ɗaya a kan kuɗin da bai yi nisa da na ćevapi ba, kuma sau da yawa yajinsa ya fi tsayawa. Mai nufin gidan Rotterdam kuma ya je da rana ko da la'asar, domin burek ɗin yakan ƙare kafin magariba kuma ba a sake gasa wani sai washegari.