Inda na'ura ke raba gardamar nama

Jama'ar Agege, musamman mahautanmu na Oko-Oba, ina gaisuwa daga Ayalan. Kawu ya matsa sai na faɗi yadda fawa take a nan, to ga abin da ya tsaya mini a rai.

Kamfanin da nake aiki niƙa naman sa yake yi, a zuba a robobi a kai kantuna. Wata safiya aka kawo mana kaya mota guda. Na leƙa da idon ɗan mahauci: nama ja wur, ba wari, ba ruwa. Da a gida ne, tuni an sauke an biya. Sai wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ba ta ɗebi kaɗan ta niƙa, ta danna shi a wani faranti, ta tura cikin wata na'ura da ke kan tebur. Minti bai cika ba lambobi suka fito: kitse kaza, ruwa kaza, furotin kaza. Kitsen ya haura abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ta buga takarda ta miƙa wa direba. Ƙato ne, amma ko uffan bai ce ba, ya sa hannu ya rufe motarsa ya juya. Ba wallahi, ba tallahi, ba a kira Sarkin Fawa ba, ba wanda ya ce a duba zumunci. Ni kaɗai aka bari baki buɗe.

Na yi ta bin yarinyar nan da tambaya har ta gaji da ni. Ashe haske na'urar ke aikawa cikin naman, irin wanda ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani. Ruwa da kitse da furotin kowa da ɓangaren hasken da yake shanyewa, sai na'urar ta auna abin da ya tsira, ta gwada da dubban samfuran da aka riga aka auna a ɗakin gwaji. A da aikin sa'o'i ne da sinadarai. Wani injiniyan ma'aikatar noma ta Amurka, Karl Norris, shi ya buɗe wannan hanya a shekarun 1960 wajen auna danshin hatsi, yau ga ta a hannun yarinya mai hular leda tana korar tirela. Kuma doka na bayanta: a Tarayyar Turai niƙaƙƙen naman sa zalla ba ya wuce kitse kashi 20 cikin 100, wanda aka rubuta maras kitse kuwa kashi 7.

Kada ku ɗauka tsarkin zuciya ne ya kawo haka, su ma sun ƙone. A Janairun 2013 hukumar kula da abinci ta ƙasar nan ta gwada ƙwayar halittar da ke cikin bogar naman sa iri 27, ta samu alamar doki a 10, ta alade a 23, ɗaya ma kashi 29 cikin 100 doki ne. Musulman da na tarar a nan har yau suna maganar. Bayan haka masu bincike a Norwich ta Ingila, tare da kamfanin Oxford Instruments, suka fito da wata na'ura mai maganaɗisu da ke bambanta doki da sa ta yanayin kitsensu cikin 'yan mintuna. Bincike ne da ya sauko daga ɗakin gwaji ya zama kayan aiki. Mu namu binciken sai ya ƙare a kabad da ƙura.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mu da muka san saniya tun daga kara, muna bari a jiƙa nama don ya yi nauyi, a babbake ganda da tayar mota, a ɗora cinya a bayan acaba ƙuda na bi, alhali ga motocin sanyi an tanada. Mai saye ya danna da yatsa, ya shinshina, mu rantse, shi ke nan awo ya ƙare. Ban ce mu sayo irin na'urar yarinyar nan gobe ba, amma ƙungiyar da ke karɓar kuɗi kan kowace saniya ta isa ta ajiye sikeli mai gaskiya da firji mai aiki.

Sai dai fa kada ku yi mini hassada. Na'urar ba ta san ko an yi Bisimilla ba, wannan sai takardar halal da yarda. Shanunsu kuma ba su da tozo, ko ɗaya. Suna yaƙi da kitse kamar abokin gaba, naman sai ka tauna ka tauna ba ka ji komai ba. Na tambayi wani mai shagon halal kayan ciki, ya ce sai na yi oda tun ana saura kwanaki, ganda kuwa a daskare take zuwa da tsadar tsiya. Kawu, duk wanda zai taho, a ba shi yajin tsire mai yawa. Kilishi kam kada a wahala, a filin jirgi za su ƙwace.