Inda na yi wa ƙanwata tukwanen aure

Jama'a duk mai shirin aurar da yarinya bayan kaka yana neman tukwanen alminiyum na zubi, bari in faɗa muku inda na yi na ƙanwata. Wata maƙera ce a wani ƙauye kusa da Dambatta, mai wajen tsoho ne kowa Baba yake ce masa, yara kamar shida ne a ƙarƙashinsa.

Tsakiyar damina na je da niyyar in ba da aiki in karɓa sati mai zuwa, Baba yayi dariya yace ɗana ai akwai na gabanka, ya ɗauko wani tsohon littafi duk ya sha hayaƙi ya nuna min layi. Wlh da farko haushi naji, sai da na zauna a wajen na gane tsohon nan lissafin shekara guda yake yi ba na sati ba. Gawayinsa tun rani ya tara shi a ɗaki saboda yasan ruwa na sauka zai yi tsada kuma jiƙaƙƙe za a kawo masa, kayan 'yan jari bola kuma baya jira sai lokacin biki kowa na rububi, kaɗan kaɗan yake saye yana ajiyewa.

Abin da yafi burge ni tsince kayan. Fistin na mota da tsofaffin tukwane gefe guda, gwangwanin lemo gefe guda don yace datti yafi yawa in ya narke, a bi da maganaɗisu a cire ƙarfe, duk abin da ya shafi batir kuwa ko kusa da wutar baya zuwa saboda dalmar da ke cikinsa guba ce a tukunyar abinci. A gabana wani yaro ya ɗauko guntu da laima zai jefa a narkakke, tsawar da Baba ya daka masa har ni sai da na zabura, ashe ruwa in ya shiga ciki fashewa yake ya watsu a jikin mutane. Abin da sai ya haura digiri 660 kafin ya narke ai ba wasa. Yaran kowa da aikinsa, mai juya fanka, mai dandaƙe ƙasa a akwatin da ake zubi a ciki, mai goge bakin tukunya, amma gwada laimar ƙasar da hannu da zubin kansa shi da babban yaronsa kawai.

Tukwane 5 na karɓa bayan sati 4, masu kauri, ba ƙofa ko ɗaya, Inna ta cika su da ruwa suka kwana ba ɗigo. Matsalarsu dai basa karɓar tiransifa sai kuɗi hannu, kuma wayar Baba kullum a kashe, sau biyu ina ƙona man babur a banza. Murfin babbar ma bai zauna daidai ba yana rawa, na mayar ranar Lahadi da na shiga kasuwa, ya juya shi ya kalla yace laifinsu ne in dawo Alhamis.