Gidan Burodin Unguwarmu a Bonn, Bayan Shekara Uku Ina Saye

Na zo Jamus daga Amurka, inda na zauna shekara goma sha biyu a jihar Ohio har na zama ɗan ƙasa, saboda haka idon da na fara kallon shagunan Bonn da shi ido ne da ya saba da kantunan da ba sa rufewa dare da rana, da masu sayarwa da ke tarbar mutum da fara'a tun daga bakin ƙofa. Gidan burodin da zan yi sharhi a kansa ƙarami ne, na iyali ɗaya, yana unguwar Beuel a gabashin kogin Rhine, kuma shi ne wurin da na fi shiga a duk garin in aka cire wurin aiki da masallaci. Na ga ya dace in faɗi abin da na same shi da shi, mai kyau da marar kyau, domin 'yan'uwa da ke zuwa ƙasar nan karatu ko aiki, musamman waɗanda suka biyo ta Amurka kamar ni, sukan yi wa irin waɗannan shaguna hukunci a makon farko, alhali ba a gane su sai an daɗe.

Burodin shi ne abin da ya fara riƙe ni. Wanda na fi saye shi ne wanda suke kira Roggenmischbrot, wato burodin da aka haɗa garin alkama da na wani hatsi ɗan'uwanta mai suna Roggen, wanda ke jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi. A ƙa'idar sana'ar, ba a ba burodi wannan suna sai garin Roggen ya haura rabin abin da aka kwaɓa, kuma idan ya kai kashi 90 cikin ɗari sai sunan ya koma Roggenbrot. Garin wannan hatsi ba ya tashi yadda ake so da yis kaɗai, sai an haɗa shi da kwaɓin da aka bari ya yi tsami, wanda suke kira Sauerteig. Duk wanda ya taso a gidan da ake kwana da ƙullun waina ko na koko ya san wannan ƙamshin, kuma ni ranar da na fara gutsurar burodin abin da ya zo mini ke nan, tsamin ƙullun da ya kwana ya nuna daidai. Ɓawonsa yana da kauri da duhu, cikinsa yana da nauyi da ɗan danshi, yanka biyu da man shanu da cuku sukan riƙe mutum har azahar. Yana yin kwana huɗu ko biyar a cikin jakar yadi bai lalace ba, kuma a rana ta biyu ya fi daɗi a bakina. A Ohio na saba da burodi mai laushi da zaƙi wanda ake matsewa a tafin hannu ya koma dunƙule, har 'yata da aka haifa a can ta ƙi cin na nan wata biyu cur, tana cewa ya yi mata tauri. Yanzu ita ce ke neman ƙarshen burodin, wurin da ɓawon ya fi yawa.

Ba haka kawai ingancin ya samu ba. A Jamus gasa burodi yana cikin sana'o'in da doka ba ta barin mutum ya buɗe shagonsu sai da shaidar ƙwarewa. Yaro yakan yi shekara uku yana koyo, yana raba lokacinsa tsakanin shago da makarantar sana'a, ya ci jarrabawa, sannan idan yana son ya tsaya da ƙafarsa ya sake yin karatu ya zama Meister, wato gwanin da aka yarda ya riƙe shago ya kuma koyar da wasu. Takardar maigidan wannan shago tana rataye a bango bayan kanta, kusa da ta mahaifinsa. Cibiyar kula da burodi ta ƙasar ta yi rajistar nau'o'in burodi sama da 3,000, kuma a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta Jamus ta sa al'adar burodin cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Wannan shago ba ya yin ko kashi ɗaya cikin ɗari na wancan adadi, abin da ke kan katakonsa bai fi nau'i goma sha biyar ba, amma a bayan shagon ake kwaɓa kowanne a gasa shi, kuma mai wucewa da asuba zai ga fitilar ɗakin tanderu a kunne. Irin waɗannan gidaje suna ta raguwa, yanzu ba su kai 10,000 ba a duk ƙasar, domin manyan kantuna suna sayar da burodin da aka kawo musu daga masana'anta suna ƙarasa gasawa a kan farashin da ƙaramin mai sana'a ba zai iya bi ba, ga kuma tsadar gas da lantarki da ta taso a 2022.

Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne yadda ake sayarwa. Matar da ke tsaye a kanta, wadda ta manyanta, ba ta tambayar mutum yadda ya kwana ko yadda iyali suke. Kana shiga za ka ce "Guten Morgen" ga duk wanda ke cikin shagon, a amsa maka, idan layi ya zo kanka ta ce "Was darf's sein?", wato me za a ba ka, ka faɗa, ta tambaya ko da sauran wani abu, ta faɗi kuɗi, ta yi maka fatan wuni lafiya. Ga Bahaushen da ya saba da doguwar gaisuwa, wanda kuma ya ƙara da zaman Amurka inda mai sayarwa ke gaya maka sunanta tana yaba rigarka, wannan ya yi kama da shan ƙamshi, kuma na yi makonni ina jin kamar ba a maraba da ni. Abin da ya sauya mini tunani ya faru wata Juma'a da na nuna wani burodi mai 'ya'yan itatuwa na ce a ba ni. Ta dube ni ta ce na jiya ne, idan yau zan ci ba laifi za ta rage mini kuɗi, idan kuwa na ƙarshen mako nake so in dawo gobe da safe. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma nemi in gode mata ba. Daga ranar na fara lura cewa duk abin da ta faɗa a kan kayanta haka yake, ba ƙari ba ragi, kuma idan ta ce abu yana da kyau to yana da kyau, domin ba kowane abu take faɗa wa haka ba. Bayan kusan shekara guda, wata safiya tun kafin in buɗe baki ta ɗauko burodin da na saba saye ta tambaye ni ko a yanka kamar kullum. Har yau da "Sie" take kirana, kalmar girmamawa da ake yi wa wanda ba a shaƙu da shi ba, ni ma haka nake kiranta, kuma na daina ganin hakan a matsayin nisa. Ya fi kama da yadda a gida ba ka kiran dattijo da sunansa ko da kullum kuna haɗuwa.

Wannan gaskiyar tata ta yi mini amfani a wurin da ya fi muhimmanci ga Musulmi. Burodin yau da kullum gari ne da ruwa da gishiri da tsami ko yis, amma ba duk abin da ke cikin gilashi ne haka ba. Wasu masu gasawa suna sa man alade, wanda ake kira Schweineschmalz, a cikin Brezel, wani burodi mai siffar ƙulli da ake barbaɗa wa gishiri, da wasu kayan, kek masu kirim sau da yawa ana daskarar da su da Gelatine wanda galibi daga alade ake samunsa, sannan shahararren kek ɗin nan na Schwarzwälder Kirschtorte ana zuba masa barasar ceri. Da na yi tambaya, matar ba ta ba ni amsar da za ta faranta mini ba don kawai in saya. Ta ɗauko fayil ɗin da aka rubuta abubuwan da ke cikin kowane kaya, abin da ba ta tabbatar ba ta shiga ciki ta tambayi maigidan, ta dawo ta nuna mini kek uku ta ce in bar su. Shawarata ga duk ɗan'uwa ita ce ya yi tambayar a sarari da waɗannan kalmomi, a kowane shago daban, domin girkin wani ba shi ne na wani ba, kuma a nan ba a ɗaukar irin wannan tambaya a matsayin raini.

Farashi ya fi na manyan kantuna, wani lokaci ninki biyu. Ƙaramin burodin safe da ake kira Brötchen yana kusan rabin yuro, babban burodi kuma tsakanin yuro huɗu da biyar. Abin da na yaba shi ne kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin da za ka biya, an riga an sa haraji a ciki, saɓanin Amurka inda sai ka isa wurin biya ake ɗora maka. Ba kuma wanda zai juyo maka da allon na'ura yana jiran ka zaɓi tukwicin kashi 20 cikin ɗari. Idan ka zauna ka sha kofi ka ga dama, sai ka cika kuɗin ka ce "Stimmt so", ma'ana a bar canjin, shi ke nan.

Batun lokaci ne ya fi kowanne tayar mini da hankali a shekarar farko, kuma shi ne yanzu na fi karewa idan baƙi daga Amurka suka yi ƙorafi. Shagon yana buɗewa da sassafe, ya rufe da yamma, ranar Asabar da rana ake kullewa, ranar Lahadi kuma awanni kaɗan ne da safe. Sauran kantunan unguwa ba sa buɗewa ko kaɗan ranar Lahadi, sai na tashar jirgin ƙasa da gidajen mai. Abin yana da tushe a kundin tsarin mulki, domin sashe na 140 ya ɗauko tanadin tsohon tsarin mulkin Jamus na 1919, wanda ake kira na Weimar, wanda ya kare Lahadi a matsayin ranar hutu daga aiki. Da bazara kuma sukan manna takarda a ƙofa cewa sun tafi hutu mako uku, su rufe gaba ɗaya. Dokar ƙasar ta ba kowane ma'aikaci aƙalla mako huɗu na hutu da albashi a shekara, abin da babu dokar tarayya da ta tanada a Amurka. Na yi aikin dare a wani kanti a Columbus, babban birnin Ohio, lokacin ina ɗalibi, na san abin da ake nufi da shago ya kasance a buɗe koyaushe: akwai wanda ba ya cin abincin dare da 'ya'yansa don wani ya sayi madara da ƙarfe biyu na dare. Da na fara ganin matar nan ranar Lahadi da yamma tana tafiya a bakin Rhine da jikokinta, sai na ji ba ni da bakin cewa a buɗe mini shago a lokacin. Gidanmu ma ya bi tsarin, uwargida takan rubuta abin da ake bukata tun ranar Alhamis, mu gama sayayya ranar Asabar, Lahadi ta zama ranar da ba inda za a je sai yawo da ziyara.

A gefen shagon akwai tebura biyar, kuma da misalin ƙarfe uku na yamma tsofaffin unguwa sukan cika su don abin da suke kira Kaffee und Kuchen, kofi da kek. Ba wanda ke korar kowa da ido, mutum zai iya zama awa biyu a kan kofi ɗaya yana karanta jarida. Idan wuri ya cika, sai ka tambayi na zaune ko kujerar kusa da shi babu kowa, ka zauna tebur ɗaya da wanda ba ka sani ba, ba dole ku yi hira ba, amma in zai tashi zai yi maka sallama. Kek ɗin tuffa da ake yi a faranti shi ne mafi kyau, zaƙinsa kaɗan ne har ana jin tsamin tuffar. A watan Nuwamba, lokacin bikin tunawa da Martin, wani waliyyin Kiristoci, da yara ke zagaya unguwa da fitilun takarda, sukan gasa burodi mai siffar mutum riƙe da lofe na yumɓu, wanda ake kira Weckmann, kuma nasu yana ƙarewa tun kafin rana ta yi tsaka.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma har yanzu ban sauya ra'ayi a kansu ba. Kofinsu na na'ura ne, ba shi da wani armashi, kuma ba a ƙara wa mutum kyauta, ruwan sha ma sai an saya. Ba sa karɓar katin banki sai sayayya ta kai yuro goma, wanda ya sa sau biyu na bar kayana a kanta na tafi neman tsabar kuɗi. Ƙofar tana da matakala biyu ba tare da gangara ba, na sha ganin mai keken guragu ko uwa mai keken jariri suna jira a waje sai wani ya taimaka, kuma a unguwar da tsofaffi suka yi yawa wannan gyara ne da ya kamata a ce an yi tuntuni. A ƙarshen bazara rina sukan cika gilashin kek, ma'aikatan kuma ba su ɗauki hakan a bakin komai ba, ni kuwa a watan Agusta ba na sayen abin da ke buɗe. Sannan wanda bai iya Jamusanci ba zai sha wuya a layin safiyar Asabar, domin ana sauri kuma na baya ba sa ɓoye gajiyarsu idan mutum ya tsaya nazari.

Duk da haka ina ba da shawarar wannan shago da ire-irensa ba tare da shakka ba, musamman ga wanda zai zauna fiye da 'yan watanni. A je kafin ƙarfe tara idan ana son zaɓi, domin ba sa gasa abin da ya wuce ƙiyasinsu, kuma da la'asar katakon ya kusa zama fanko. A riƙe tsabar kuɗi da jakar yadi, a gaishe da mutane in an shiga, a yanke shawara tun ana cikin layi. Wanda bai saba da burodi mai nauyi ba ya fara da rabi, domin suna yanka babban burodi biyu su sayar ba tare da ɓata rai ba. Idan kuma ana son na ƙarshen mako, a faɗa tun ranar Juma'a, za ta rubuta sunan mutum a jikin takardar da ta naɗe shi, ta ajiye a katakon ƙasa har ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar.