Majefin ƙwallon baseball: zaman jira a Amurka ko tafiya Koriya?

Majefin da shekaru suka fara ja, ga shi bai samu gindin zama a babbar gasar MLB ba, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, ya zauna a Amurka, yau yana Triple-A, gasar da ke ƙasa da MLB, gobe waya ta buga a ce ya haɗa jaka. Edwin Jackson ya yi wa ƙungiyoyi 14 wasa daga 2003 zuwa 2019, har ya ci kofin duniya na baseball da St. Louis a 2011. Amma kusan kowace shekara sabon gida, sabuwar riga.

Ta biyu, ya tsallaka teku. Merrill Kelly ya gaji da jira a ƙungiyar Durham ta Triple-A, ya tafi birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015. Shekara huɗu yana jifa duk mako ba tare da fargabar kora ba, ya ci kofin Koriya a 2018, sai ƙungiyar Arizona ta MLB ta neme shi. A 2023 ya doke Texas a wasa na biyu na World Series, wato kofin duniya na baseball, mutum tara ya fitar da jifan da suka kasa bugawa.

Ni dai, in hannun yana da sauran ƙarfi, Incheon zan nufa, ko da kimchi zai ƙona min baki.